Ɗan Farina a Ajin Waya

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a kwalejin Filinge, daɗewar da har wasu da na koyar suka yi aure suka turo mini 'ya'yansu aji. Duk garin Madam ake ce mini. Mahauci Madam, limamin unguwa Madam, tsofaffin da suka girmi mahaifina ma Madam. Ɗana na fari shi ma Madam yake ce mini, kuma ban taɓa jin wani ya ga abin mamaki a ciki ba.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma tamu ta ƙasar Kurfai tana da nauyi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta zama su yi hira. In ya faɗi a gabanta wata ce za ta ɗaga shi, ita kuwa ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Ni da na yi boko har Yamai, na karanta littattafan Nasara, sai ka ce zan bambanta. Ban bambanta ba. Da aka zo yaye, uwar mijina ta zo daga ƙauyensu na wajen Bonkuku, ta goye shi ta tafi. Na ce a gaban mata a tafi da shi ni ma na huta, aka yi dariya aka yaba mini. Yaye ya koma riƙo, bai dawo ba. A can ƙasar Imanan ya tashi, cikin gero da shanu, ita yake kira Inna.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne sunan da aka raɗa masa suna ne na kowa da kowa. Babu ajin da na taɓa shiga na rasa mai shi. In na zo kiran suna da safe, ina isowa kan masu sunan sai in tsallake in kira sunan uba kawai, yaro ya amsa. Ɗalibai sun san da haka tun kafin su zo ajina, yayyensu sun gaya musu. Wasu shaƙiyyai sukan roƙe ni in ba da misali da sunan wane, suna ƙunshe dariya. Ni kuwa ba a san ni da wasa ba, sai in ba su misali da tsintsiya da filin makaranta.

Da ya gama firamare aka kawo shi Filinge kwaleji, ya zauna a ɗakin zaure na gidanmu. Abinci ta hannun ƙannensa yake isa gare shi, saƙo ma haka. A makaranta kuwa babu wanda ya tambaye ni, darekta da kansa ya sa shi a ajin wani malami, don ya san ba zai yiwu in tsaya gaban yaron nan ina tambayarsa yana ba ni amsa ba. Shi wancan malamin, tarihi ya karanta, rashin malamai ne ya sa aka ɗora masa Ingilishi, kuma yana karanta shi ne yadda ake karanta Faransanci. Bango ɗaya ya raba ajinsa da nawa. Ina jin su suna maimaita kalma a karkace, baki ɗaya, da ƙarfi, kuma a cikin muryoyin nan duka ina iya tsinto muryar nawa. Raina yakan ɓaci har in huce a kan 'yan ajina da ba su yi mini komai ba. Haka ya gama kwaleji, ya wuce Yamai, ya zama malamin dabbobi, Ingilishinsa bai kai ya tambayi hanya da shi ba.

Bayan haka gida ya yi ta raguwa. Maigidan ya rasu, Allah ya ji ƙansa. 'Yan matan suka yi aure, autar tana Yamai. Na yi ritaya, aka yi mini walima da lemo da jawabi, washegari na tashi da asuba na yi wanka na ɗaura zane, sannan na tuna babu inda za ni. Ya rage daga ni sai awaki da rediyo. Abin da ban zata ba shi ne kewar harshen kansa. A nan in an ce Turanci Faransanci ake nufi, shi ne na ofis da likita da takarda. Ingilishi a aji kawai yake da rai, ka fito ƙofa ya mutu. Ni ban taɓa zama da Bature ɗan Ingila mun yi hira ba a rayuwata, daga malamai da kasat da rediyo na samo nawa. Da aka rufe mini aji sai na rasa wanda zan yi shi da shi. Na koma ina yi wa wata jar akuya faɗa da Ingilishi in ta ci mini shanya, kuma ba ta fi 'yan ajin farko rashin ji ba.

Autar ce ta ga abin ya yi yawa, ta sayo mini babbar waya da ɗan faranti mai ɗaukar hasken rana, ta zauna ta koya mini yadda ake danna wuri a riƙe a yi magana, a saki saƙon ya tafi da kansa. Ta nuna mini alamar da ke fitowa a gefe: in guda ce saƙo ya bar hannunka, in biyu ce ya isa. Ta tara mini wasu tsofaffin ɗalibai masu shirin jarrabawar ƙarshe a zaure guda cikin wayar. Nakan karanta musu darasi da murya, su karanto mini in gyara. Da farko abin ya yi armashi. Daga baya karatun da suke turowa ya ɗauke, sai hotunan furanni da barka da Juma'a, wani ma tallar takalma ya fara turowa. Na yi faɗa, faɗa a waya kuwa ba ya kama kowa, kowa ya yi shiru abinsa. Jarrabawa ta wuce, zauren ya mutu, na ci gaba da caza wayar kullum ba don komai ba.

Ana cikin haka wata rana da rani autar ta kira. Bayan gaisuwa ta yi ta kewaye-kewaye, na ce ta faɗi abin da ke bakinta. Ta ce yayanta ya samu wuri a wata makaranta a Gana, karatun cututtukan shanu, amma sai ya zauna sun yi masa tambayoyi da Ingilishi ta waya, suna ganinsa yana ganinsu. Ta ce ya gwada wani abin koyo na cikin waya, wanda kome ka faɗa sai ya yaba maka, ya ga ba ya gaba ba ya baya. Mazan Kurfai sun saba tafiya Gana tun kakanni, amma su da ƙafa da ƙarfi suke zuwa, babu mai tambayarsu komai a bakin ƙofa.

Na ce, “Shi ya ce ki hwaɗa mani?”

Ta ce, “Bai ce ba, Mama. Amma ya hwaɗi gabana har sau biyu, kin dai san shi.”

Na kalli akuya. Sannan na ce a gaya masa ya riƙa kira bayan la'asar, ban da ranar kasuwa. Ranar kasuwa mutanen ƙauye sukan cika gari da wayoyinsu, rezo, wato hanyar sadarwar waya, ya toshe, ko sallama ba ta wucewa.

A gidana wuri ɗaya ne rezo ke zama da kyau, lungun da ke kusa da turken awaki, gindin katanga. Can na kai kujera 'yar tsugunne, na rataye ƙaramin baƙin allo a ƙusa, na kife turmi na jingina wayar a kansa da dutse. Na juya idon wayar ya kalli allon, ni ina gefe, hannuna da alli kawai ke shiga. Da ya kira na amsa, sai na ga shi ma rufin ɗaki ya nuna mini, da fanka tana juyawa, da ɗan saman hularsa a ƙasa. Ba mu shirya haka ba, kowa dai ya san abin da ya kamata. Ya yi sallama, ya ce Madam ina wuni, na amsa a gajarce. Sai na yi abin da nake yi a ranar farko ta kowace shekara. Na gyara murya na ce da Ingilishi, daga yanzu har mu tashi babu Hausa babu Faransanci, wanda ya yi kuskure ya sake, wanda bai gane ba ya tambaya. Ya ce to. Ina faɗin haka na ji harshena ya saku. A Ingilishi ni malama ce, shi ɗalibi, kuma babu tsohuwar da ta taɓa kafa wa wannan harshe doka a kan ɗan fari.

Ban raga masa ba. Kalmomi yana da su da yawa, sunayen cututtuka da magunguna ya tsince su a karatu, amma in ya zo haɗa magana sai ya tsaya kamar jaki a bakin rafi. Ga kuma lafazin malamin tarihi yana nan daram, na gane shi tun daga kalmar farko. Nakan sa shi ya maimaita abu har sai fankar nan ta fara ba ni jiri. Nakan rubuta a allo, in ƙwanƙwasa da alli, in ce sake. In rezo ya yanke a tsakiyar jimla, ya dawo ya tarar ina jira a daidai inda ya tsaya. Tsakanin darasi da darasi yakan turo karatu da murya, in saurara ina tsintar wake, in mayar masa da gyara. Bai taɓa turo mini furanni ba.

Da bakinsa ya ɗan buɗe sai muka shiga gwajin tambayoyin. Ni ce mutanen Gana, shi mai neman wuri. Irin tambayoyin nan kowa ya san su: faɗa mana kai wane ne, a ina ka tashi, me ya sa ka zaɓi wannan aiki. Na yi wa ɗaruruwan yara su ban ji komai ba. Ranar da na yi masa ta ukun, ya lalubo kalmomi, sannan ya fara a hankali. Ya ce yana yaro Innarsa ta ba shi 'yar maraƙa, Fulanin da ke sauka bayan gonarsu suka koya masa kiwonta. Wata damina ciwo ya shigo garke, ta kwanta, ya kwana biyu yana ɗura mata jiƙo, ta mutu kanta a cinyarsa. Ya ce babu wanda ya iya gaya masa sunan ciwon, shi ya sa ya tafi neman sunan. Ni uwarsa ban taɓa sanin an yi wata maraƙa ba. Na gyara masa wurare biyu da ya karkace, sannan na tambaye shi launinta. Ya ce fara ce mai baƙin kunne. Na san sarai babu wanda zai tambaye shi launin maraƙa a Gana.

Daga nan tambayoyina suka fara kauce hanya, ina sane. Me ka ci yau. Wa ke dafa maka. Tabon da ke ƙafarka, a ina ka samo shi. In abu ya dame ka wa kake gaya wa. Duk da muryar malama nake yi, in ya amsa in ce cikakkiyar jimla nake so, ya sake. Ta haka na san ba ya son kuɓewa, alhali shekara da shekaru ina aika masa miyarta zaure yana cinyewa. Na san tabon na kaifin galma ne, na san ya taɓa bin shanu da ƙafa har kasuwar Baleyara ya dawo da zazzaɓi. Na san ranar da Innarsa ta rasu bai yi kuka a gidan ba, sai da ya koma Yamai. Shi ma ya gane inda na dosa, ba yaro ba ne, amma bai taɓa nunawa ba. Yakan amsa kamar da gaske jarrabawa ce.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta gaji da jin yare ta katanga. Ran nan bayan mun tashi ta leƙo ta ce, “Madam, wai da wa ki ka wanga dogon zance kullum?” Na ce wani ɗan makaranta ne. Ta ce in bar ta, auta ta riga ta gaya wa 'yarta. Ta dube ni sama da ƙasa, na ji kunya ta rufe ni kamar an kama ni da hannu a tukunya. Can ta taɓe baki ta ce, “To, tunda da bakin Nasara na, ba komi. Wa ka ji?” Ta koma gidanta. Wannan ita ce fatawar da na samu, kuma na riƙe ta da hannu biyu.

Wata rana na yi masa tambayar iyali, ita ma tana cikin waɗanda ake yi. Ya faɗi mahaifinsa, ya faɗi ƙannensa, ya faɗi kakar da ta rene shi. Sannan ya ce mahaifiyarsa malama ce, tana da zafi, duk gari ana tsoronta. Na ce wannan ra'ayi ne, ya kawo misali. Na ji yana murmushi, ana jin murmushi a murya. Ya ce lokacin yana kwaleji, in malaminsu bai zo da wuri ba, yakan zaga bayan ajinta ya zauna ƙarƙashin taga a lokacin kiran suna. Ya ce yakan jira ta iso kan masu irin sunansa, ta ɗan tsaya, ta kira sunan uba. Na ce me ya sa yake jiran wannan. Sai ya ce, da Ingilishinsa mai tuntuɓe, “Saboda a nan na san ta tuna da ni.”

Akwai kuskure a jimlar, ban gyara ba. Na ce ya yi kyau, mu wuce tambaya ta gaba, na juya na goge allon da babu komai a kansa. Da muka tashi na daɗe zaune a lungun har aka kira magariba, awaki suna ta kuka ban ba su dusa ba.

Ingilishinsa ya yi ta gyaruwa, ni kuwa hankalina ya yi ta tashi. Zan faɗa a fili: na so ya ci, amma ban so ya gama ba. In ya ci zai tafi, darasi ya ƙare, kuma ba ni da wata ƙofar da zan bi in tambaye shi abin da ya ci. Na shiga neman aibu inda babu. In ya kawo amsa sumul sai in ce ya yi sauri, in ya rage sauri in ce ya yi sanyi. Ran nan na yi masa faɗa sosai a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya ce yi haƙuri Madam, da Ingilishi. Ni ce ya kamata in ba da haƙurin, amma ban iya ba ko da wane harshe. Ranakun da babu darasi sukan yi mini tsawo, ranar kasuwa kuwa har haushin mutanen ƙauye nake ji da wayoyinsu.

Aka sa ranar tambayoyin, muka zo darasi na ƙarshe. Na ce yau za mu yi shi daga farko har ƙarshe yadda za a yi, ba tsayawa ba gyara. Na ce kuma ya sauko da wayar ta kalli fuskarsa, don mutanen can ba fanka za su ɗauka ba. Ya sauko da ita. Ni tawa tana kallon allo, ba ya ganina, don haka na kalle shi yadda ban taɓa kallonsa ba tun yana goye. Goshin mahaifinsa ne, amma bakin nawa ne, har yadda yake cije leɓe in yana tunani. Ya sa riga mai wuya, ya yi aski. Na yi tambayoyin bi da bi, ya amsa da kyau, da kyau ƙwarai, babu inda zan kama. A ƙarshe na yi wadda ake rufewa da ita, ko yana da tambaya gare mu. Kullum yakan ce babu, ya gode. Ran nan ya ce akwai.

Ya ce mutanen can, da zarar sun buɗe, sunansa za su fara kira, su ce ya zauna. Ya ce duk gwajin da muka yi ba a taɓa farawa da haka ba, kuma an ce yau komai yadda za a yi ne. Ya kalli wayar kai tsaye, inda allona yake, ya ce, “Ina roƙo a fara mini yadda za su fara. Sau ɗaya.”

Rezon da ke yanke mana kullum, ran nan ya tsaya garau, har numfashinsa nake ji. Na buɗe baki. Sunan yana nan, na san shi fiye da nawa, ni na fara jin sa ranar suna daga bayan labule. Na ce wa kaina da bakin Nasara ne, ba komai, wa ke ji. Amma suna ba shi da Ingilishi, yadda yake a Hausa haka yake a ko'ina. Na ji kamar uwar mijina da uwata da duk matan da suka yaba mini ranar yaye suna zaune a kan katanga. Abin da ya fito daga bakina a ƙarshe da Hausa ya fito, ni da na kafa dokar.

Na ce, “Lokaci ya yi. Allah shi ba da sa'a.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Amin, Madam.” Ya mayar da wayar ta kalli fanka, sannan ya kashe.

Ya ci. Autar ce ta kira ta gaya mini tana guɗa, na ce alhamdu lillahi, na raba wa maƙwabta goro. Kafin tafiya ya zo Filinge sallama, gida ya cika da dangi, baffanni da gwaggwanni har daga Bonkuku. Ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe. Na ce an gode Allah, a riƙe salla, a kula da abokan zama. Ya ce in sha Allahu. Duk abin da muka yi watanni muna faɗa a lungun awaki, ko ɗaya bai shigo ɗakin ba. Na haɗa masa cuku da kilishi da dakakken gero, na ba autar ta kai masa, na ce ta gaya masa babu kuɓewa a ciki. Ta dube ni ba ta gane ba. Da safe aka raka shi tasha, ni ina gida ina shara, don uwa ba ta raka ɗan fari.

Bayan tafiyarsa ban ɗauke turmin ba. La'asar na yi sai ƙafata ta kai ni lungun, in zauna, in jingina wayar, in ga babu abin yi. Kwanaki kaɗan a haka, wata rana maƙwabciyar ta tafi biki, unguwa ta yi tsit. Na buɗe wurin da muke tura karatu, na danna na riƙe. Na gyara murya, na yi sallamar mutanen Gana da Ingilishi, na kira sunan, cikakke, na ce ya shigo ya zauna. Na san in na ja yatsa gefe saƙon zai goge, auta ta koya mini. Ban ja ba, na saki, ya tafi.

Alama guda ta fito. Na zauna ina jiran ta biyu har rana ta faɗi. Washegari ma guda. Da na kasa haƙuri na tambayi autar a fakaice ko yayanta ya sauka lafiya, ta ce lafiya lau, ai ya cire layin nan ya sa na can, ta turo mini sabuwar lamba. Na adana ta. Na sha buɗe ta in ɗora yatsa, amma abin da na yi sau ɗaya ban iya maimaita shi ba.

Yanzu yakan kira ranar Juma'a, da Hausa. Madam ina wuni, ina gajiya, ya ruwa, ya awaki. In ce lafiya lau, a yi ta haƙuri da karatu. Ba ma daɗewa. Ingilishi kuwa yana can yana yin sa da mutanen da suka fi ni iyawa, ba shi da sauran abin da zai nema a allona. Wani lokaci in mun yi sallama yakan ɗan jira kafin ya kashe, ni ma in jira, sannan ɗayanmu ya kashe.

Saƙon yana nan a tsohuwar lambar. Nakan kunna shi a hankali in kara a kunne, in ji wata tsohuwa tana kiran ɗanta, kuma har yau ni kaɗai na taɓa jin sa. Kwanan baya autar, tana zancen wani abu daban, ta ce layin da aka daɗe ba a amfani da shi akan ba wa wani. Ke nan wata rana alamar za ta zama biyu, wani baƙo a wani gari ya ji an kira shi da sunan da ba nasa ba, an ce ya shigo ya zauna. Na yi tunanin in goge kafin ranar, ban goge ba. Kullum bayan la'asar nakan je lungun awaki in duba, har yanzu guda ce.